Ɗalibta a Kan Dutsen Feruja

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Roma ya sauke ni a gindin dutse, garin kuma yana can bisa, gidajensa a jere wani kan wani kamar an jera kwanukan amarya. Ina tsaye da akwatina ina neman ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu, sai wani dattijo ya nuna mini hanya da yatsa. Abin da na tarar wani ɗan tarago ne, bai fi ƙaramar bas girma ba, yana tafiya a kan dogo shi kaɗai. Na leƙa gaba ban ga direba ba, na leƙa baya ban ga kwandasta ba. Ƙofa ta buɗe da kanta, ta rufe da kanta, igiyar ƙarfe tana jan mu zuwa sama, wani taragon na biye da mu ba jimawa. Minimetrò suke ce masa, tun 2008 yake wannan aiki. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina salati, wata tsohuwa kuwa a gefena tana ta saƙarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Mu Kanawa in ka cire Dala da Goron Dutse ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Feruja kuwa duk inda ka nufa hawa ne ko gangara. Har matakala masu tafiya da kansu suka yi wa garin, waɗansu suna ratsawa ta cikin wata tsohuwar ganuwa da ake kira Rocca Paolina, wadda Fafaroma Bulus na Uku ya sa aka fara ginawa a 1540 a kan gidajen mutane. Kana tafe a ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga tsoffin lunguna da ƙofofin gidaje na nan yadda aka binne su, ga sanyi, ga ƙanshin tsohon bulo. Makarantar da ta kawo ni, Jami'ar Baƙi ta Feruja, tana cikin wani gidan sarauta mai suna Palazzo Gallenga, dab da wata ƙofar gari ta dutse da ta haura shekara 2,000 a tsaye. Kullum da safe in na wuce ta sai in tuna badalarmu, yadda damina da masu ɗiban ƙasa ke cinye ta muna kallo.

An fara koyar da baƙi Italiyanci a wannan gari a 1921, aka mai da wurin jami'a a 1925. Ni digiri na biyu na zo yi, na shekara biyu, a kan koyar da Italiyanci ga wanda ba harshensa ba ne. A ajinmu akwai 'yan Sin, da Larabawan Masar, da 'yan Kamaru da Senegal, da Italiyawan kansu, duk muna kokawa da nahawu da baitocin Dante, mawaƙin da ya rasu tun 1321 amma har yau ake gardama a kansa kamar jiya aka yi jana'izarsa.

Sai dai ba dogo marar direba ne ya fi ɗaure mini kai ba. Yadda ake riƙe ɗalibi ne. A gida, in an ce tallafin karatu, tambayar farko da za a yi maka ita ce: wa ka sani? Na taho da wannan tunani, har ina lissafin wanda zai yi mini hanya. Sai na tarar kusan kowane yanki na ƙasar yana da hukumar da aikinta ke nan, ta yankin Umbriya ana ce mata ADiSU. Ana fitar da sanarwa, ka cika takardu ta intanet, ka kawo shaidar abin da gidanku ke samu a shekara da abin da kuka mallaka, a fassara, a buga hatimi, a auna da ma'aunin da suke kira ISEE. Daga nan a jera sunaye bisa ƙarfin gida da ƙwazo, a fitar da jerin kowa ya gani. Wanda ya shiga, a yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi abinci, a ba shi kuɗin kashewa, in daga nesa yake kuma ya nemi ɗaki a gidan ɗalibai. Baƙo da ɗan ƙasa layi ɗaya suke bi.

Da na ga sunana, sai na shirya in je in yi godiya, domin haka aka rene mu. Matar da ke ofishin ta dube ni da mamaki, ta ce godiyar me, ai haƙƙina ne. Wani abokin karatu ne ya warware mini daga baya: sashe na 34 na tsarin mulkinsu, wanda ya fara aiki a 1948, ya tanadi cewa mai basira da cancanta, ko ba shi da ko sisi, yana da haƙƙin kaiwa ƙololuwar ilimi, kuma wajibin hukuma ne ta tabbatar da haka. Na daɗe zaune a bakin gado ina juya maganar. Mu ma ai mun san wannan, ko da ba mu rubuta ba. Almajiri ya shigo gari daga nesa, wata uwar ɗaki ta ɗauki kwanonsa, maƙwabta su ba shi zaure. Italiyawa kuwa abin da suka yi shi ne sun mai da kwanon doka, suka ɗora shi a wuyan hukuma. Ba kuma kyauta ce ta a ci a kwanta ba: akwai adadin jarrabawar da dole ka ci kafin bazara ta wuce, in ka gaza tallafin ya tsaya, wani lokaci har a ce ka mayar.

Ba zan ɓoye ba, akwai wuya. Kuɗin kashi-kashi yake zuwa, watannin farko kuwa da guzurinka za ka rayu, kuma ɗakuna ba sa isar kowa. Takardar izinin zama ma, da doka ta ce a nema cikin kwana 8 na aiki da shigowa, a gidan waya ake miƙa ta, a wata ambulan mai ratsin rawaya cike da tambayoyi. Tsoffin ɗalibai ne suka zaunar da ni suka bi da ni layi-layi, kamar yadda aka yi musu.

Ɗakin cin abinci mensa sunansa. Ka ɗauki faranti, ka nuna kati, a zuba maka taliya tukuna, wadda su a wurinsu buɗe baki ce kawai, sannan nama ko kifi, sannan ganye, sannan ɗan itace. Taliyar kuwa iri-iri, wata kamar bututu, wata kamar kunne, wata a murɗe, kowace da sunanta da miyarta, kuma da sauran ƙarfinta ake sauke ta, abin da a gidanmu za a ce ba ta nuna ba. Burodin yankin ba gishiri ko kaɗan. Mutanen gari suna danganta haka da tawayen da kakanninsu suka yi wa Fafaroma a kan harajin gishiri a 1540. Naman alade yana da yawa a girkinsu, don haka kalmar farko da na haddace ita ce sunansa, masu rabon abincin kuma suka gane ni, tun daga nesa suke nuna mini tukunyar da zan iya ci. Ƙullin yajin da Inna ta cusa mini a akwati ya yi mini rana, har wani ɗan Sin ya riƙa zama kusa da ni dominsa. Gahawarsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, a tsaye ake kurɓe ta sau biyu a wuce, ba irin zaman teburin mai shayi ba.

Sanyi kuwa, hunturunmu wasan yara ne. Akwai iskar arewa da suke kira tramontana, tana bin lunguna tana yanka kunne kamar aska. A ɗakina akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari jikin bango, ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa, shi ne murhun. Har ranar kunna shi da ranar kashe shi doka ce ta yanke.

Kowane malami yana da sa'o'in da ya keɓe a mako, ricevimento, ya zauna a ofis ƙofa a buɗe don ɗalibai kawai. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a yi mini iso, farfesan ya taso da kansa ya jawo mini kujera, ya ɗauki jan biro ya bi rubutuna jimla-jimla kusan awa guda. Wajen gaisuwa ne na rikice. Mu in za mu girmama babba sai mu ce "ku". Su "Lei" suke cewa, ma'anarta "ita", ko da dattijo ne mai furfura. Na yi makonni bakina yana ƙin ce wa malamina ita. Amma Hausa ta rama mini a wani wurin: su ma suna bambanta baƙi mai ƙarfi da marar ƙarfi, yadda muke raba baba da babba. Nono a wurinsu na tara ne, nonno kuma kaka namiji. 'Yan ajinmu da yawa suna ta fama, ni kuwa kunnena ya riga ya saba tun daga gida.

Jarrabawa yawanci ta baka ce. Ka zauna gaban malami, sauran ɗalibai na bayanka suna ji, ya tambaya ka amsa, kamar mai biya allo gaban alaramma. Makin ƙoli 30 ne, 18 ne tsira, kuma in makin bai yi maka ba kana iya ƙin karɓa ka dawo wani zama. A makon jiya wata 'yar Kamaru da ke gabanmu ta kare kundinta. Aka ɗora mata rawanin ɗanyen ganye a ka, ƙawayenta suna watsa mata 'yan takardu masu launi a bakin tsohuwar ƙofar dutsen, masu wucewa suna ce mata dottoressa, laƙabin wadda ta gama digiri. Ta kira mahaifiyarta ta bidiyo, muka ji guɗa tana fitowa daga wayar. Ni jarrabawata ta nahawu ranar Talata ce, ƙarfe 9 na safe, kuma sunana ne na huɗu a jerin.