Daliya da sunan da ta baro gida

Duk mai koyar da Faransanci da Hausa ya san wuyar kalmar «automne». Mukan fassara ta da «kaka», alhali kakarmu lokacin girbin hatsi ce da cikar rumbu, tasu kuwa ta zubar ganye ce da ƙaratowar sanyi. A wannan lokaci ne daliya ke cin kasuwarta a lambunan Turai.

Mai lambu a Faransa yakan binne saiwarta, mai kama da dankali, a Afrilu ko Mayu. Yakan kafa mata sanda, domin karanta rami gare shi, iska na iya karya shi. Yakan riƙa tsinke furen da ya yi yaushi don sabo ya fito. A Satumba da Oktoba, sa'ad da yawancin furanni suka ƙare, ita tana nan tana cika lambu da ja da fari da rawaya da ruwan goro; shuɗi ne ba ta yi. Daren da raɓa ta fara daskarewa ganyenta ke baƙi, sai a tone saiwar a adana kamar iri.

Asalinta tsaunukan Meksiko ne. Mutanen Aztek suna ce mata «acocotli», wato karan ruwa, saboda ramin nan, kuma suna cin saiwarta. A 1789 aka aika irinta Madrid, inda Antonio José Cavanilles ya raɗa mata, a 1791, sunan Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Suwidin, wanda ya rasu tun ba ta yi fure a Turai ba. Turawa suka ɗanɗana saiwar, ba ta yi musu ba, suka riƙe furen don ado. A 1963 Meksiko ta mai da ita furen ƙasa, amma da sunan baƙon.

Abin da ke damuna ke nan. Tsohon sunan yana bayyana halittar tsiron, sabon kuwa mutum kawai yake tunawa. Ina da ɗalibai masu rubuta «dahlia» ba kuskure, amma ba su san gawo ba, iccen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa. In sunan ya fita bakin ƴaƴanmu, wa zai gaya musu dalilin da ya sa manomi ke barinsa tsakiyar gona?