Shirun Ɗakin Naƙuda

Cikinta yana wata bakwai aka mai da ita gidan iyayenta a Morai domin goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Malamar firamare ce, ta yi karatunta a kwalejin horar da malamai ta Maru. Ta zo da katin awo a jaka, da kuma tambayar da ta rasa wanda za ta yi wa: yaya zafin yake, kuma me ake yi idan ya zo?

Mahaifiyarta ba za ta amsa ba, domin ita ce 'yar fari, ko sunanta ba ta kamawa. Gwaggonta ce ta amsa ba tare da an tambaye ta ba, wata rana suna tsince shinkafa. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, in ta zo ki cije. Mu gidan ga ba a jin muryarmu."

Darasin ke nan gaba ɗaya, kuma shi aka ba mata da yawa a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Wadda ta yi kuka a kan gwiwa sai a ce ta yi raki, gorin kuwa yana iya bin ta har ta aurar da ɗan. Gwanar mace, a wannan ma'auni, ita ce wadda za ta shiga ɗaki ita kaɗai, ba a sani ba sai an ji kukan jariri, sannan a kira ungozoma ta yanke cibi ta binne mabiyiya.

A wurin awo ne wata ungozomar asibiti ta fayyace mata abin da gida ya rufe. Zafin naƙuda na zuwa ne daga matsawar mahaifa, wadda ke tura jariri tana buɗe bakinta a hankali har ya kai santimita 10. Yana tasowa ne ya kai ƙololuwa ya sauka, kamar minti guda ko ƙasa da haka, sannan a sami hutu kafin na gaba. Wannan hutun shi ne jarin mai naƙuda: a nan take sakin kafaɗa, ta kurɓi ruwa, ta ja numfashi a hankali ta hanci ta sake shi ta baki. Tun 1933 wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya yi bayanin cewa tsoro na sa jiki ya ɗaure, ɗaurewar kuma tana ƙara zafi, zafin ya sake haifar da tsoro. Wadda ta cije haƙora ta riƙe numfashi don kada a ji ta, jikinta take ƙara ɗaurewa.

Ba a ce tsofaffi ba su san komai ba. Da Bahaushe ya ce mace tana kan gwiwa, ya ambaci abin da likitancin zamani ya daɗe kafin ya komo gare shi. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun ce a bar mai naƙudar da ba ta da wata matsala ta zazzaga, ta ci ta sha, ta zaɓi yadda za ta haihu, ko a durƙushe ko a tsugune, a murza mata baya, a gasa mata ƙugu da ɗumi, kuma a bar mata wanda ta amince da shi a kusa da ita. Gwaggo za ta gane kusan dukkan waɗannan. Abin takaici, a asibitoci da dama har yanzu a rigingine ake kwantar da mace, wani lokaci har da tsawa, sannan a yi mamakin me ya hana mata zuwa.

Inda shirun ke cutarwa shi ne wajen lokaci. Daga sa'ar da bakin mahaifa ya kai santimita 5, naƙudar fari ba kasafai take wuce awa 12 kafin ya gama buɗewa ba. To, wadda ta ɓoye ciwonta daga magariba har asuba, wa zai ƙirga mata? Idan kan jariri ya tokare a ƙugu, dauriya ba ta sauko da shi. Yana danne mafitsara ne har naman wurin ya mutu, abin da ke kai mata Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari, galibi bayan sun rasa ɗan. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi. Allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya yi a gida tana iya fasa mahaifa. Matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani kuwa ba cikin zafin da ake daurewa suke ba, gargaɗin jijjiga ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 39 ne.

A Morai kuma akwai lissafin da ba ya cikin littafin likita. Naƙuda ba ta zaɓen rana, hanya kuwa a shekarun nan ba kowane direba ke yarda ya hau ta da dare ba, saboda 'yan bindiga. Don haka shirin da malamar ta yi bai tsaya ga koyon numfashi ba. Ta sa maigidanta ya ware kuɗi, aka auna jinin ƙannenta biyu ko za a buƙaci ƙari, kuma saura kamar mako biyu ta koma gidan kawunta a Talata Mafara, kusa da babban asibiti. An yi ta magana a gida, wai boko ya sa mata tsoro. Mahaifiyarta ba ta ce uffan ba, sai dai da aka buɗe jakar a Mafara an tarar da tsofaffin zannuwa huɗu wankakku, a ninke, waɗanda ba ita ta sa su ba.

Ciwon ya fara bayan isha'i. Ta dubi agogon wayarta, ta taɓa ƙafar tsohuwar.

"Gwaggo, ta fara. Tara da kwata."

"Tun yanzu za ki tada mutane?"

"Ba kuka nike ba, Gwaggo. Faɗa miki nike."

Sun kwana tana zagaya tsakar gida, tana dafa turmi idan ya taso, tana kurɓar kunu idan ya lafa. Da ya koma zuwa duk bayan minti biyar, kawu ya fito da mota. A ɗakin haihuwa ta yi nishi mai ƙarfi, ta kira sunan Allah da murya, sau ɗaya ma ta kira Inna. Tsohuwar da ta ce a cije ita ce ta tsaya a bayanta tana danna mata ƙugu da tafin hannu, har aka sauka lafiya da hantsi.

Da suka koma Morai, mata suka cika gida barka, ana ta hura wutar ruwan wankan jego. Wata maƙwabciya ta matso kusa da gwaggo, ta rage murya: "To, ya ta yi? Ba ta dai yi raki ba?"

Gwaggo ta gyara wa jaririyar zane, ta ce, "Ni dai ban ji komi ba."