Kwafin Littattafai a Zamanin Na'ura

Duk wanda ya tashi a gidan malamai a ƙasar Wurno ya san yadda littafi ke mutuwa. Gara ta ci gefensa, ɗaki ya yi yoyo, magada su raba shi ganye-ganye kamar gona. Sa'an nan ga ruwa. Ambaliyar Gulbin Rima ta 2010, wadda ta ci garuruwa tun daga Goronyo har ta yanke hanyar shiga jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo, ba gero da shinkafa kaɗai ta tafi da su ba. Ga kuma abin da ya faru a Tambutu cikin Janairun 2013, inda aka ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba.

Wannan ne ya sa ni da abokaina biyu muka ɓatar da hutunmu a Kwargaba da ƙauyukan da ke kusa, muna ɗaukar hoton littattafan kakanni shafi-shafi. Yankin kuwa ba baƙon ilmi ba ne, domin a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai Infaƙul Maisuri, ya yi ribaɗi, a nan kuma aka rufe shi a 1837. Mun sami Risala da Ishiriniya masu sharhin ajami a gefe, da wasiƙu, da wasu waƙoƙin wa'azi da ko masu su ba su san wanda ya yi su ba. Kowane hoto ya kai megabait 50, don ba mu yarda a matse shi ba, kada wasali ya ɓace. Da muka haɗa da bidiyon tsofaffi suna karantawa, sai kayan suka tashi gigabait 500, duk a cikin wani faifan ajiya da bai fi tafin hannu ba.

To, a nan fa hankalina ya ƙi kwanciya. Littattafan da suka shekara ɗari a gafaka, ga inuwarsu a aljihuna cikin motar Sakkwato, kuma faɗuwa ɗaya a ƙasa ta isa ta kashe faifan.

Wani malaminmu ya samo mana wuri a babbar na'urar ajiya, wadda ma'aikata ke kira saba. Ita wannan na'ura tamkar gidan haya take. Ginin ɗaya ne, amma an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, da nata rumbu da nata makulli, ba ta san abin da maƙwabciyarta ke ciki ba. Manhajar da ke rabon ɗakunan a wurin sunanta Proxmox. Saboda haka ba a soka faifai kawai a ce an gama. Ko dai a buɗe shi a wurin mai gidan, watau uwar na'urar, a kwashe zuwa rumbu, ko kuwa a miƙa bakin USB ɗin kai tsaye ga ɗakin da aka ba mu.

Na tambayi ma'aikacin wurin, me zai hana mu tura ta intanet daga ɗakin kwananmu? Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi. In layin na gudun megabit 10 a daƙiƙa, ba tsayawa, gigabait 500 sai ya ci kusan kwana 5. In kuwa an soka faifan a jikin na'urar, ko da tsohon baki ne na USB 2, mai kwashe kamar megabait 30 a daƙiƙa, awa 5 ta isa. Ashe har gobe ƙafa ta fi waya sauri in kaya sun yi nauyi.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. Wani ƙaramin faifai da muka so mu yi jigila da shi ya ƙi karɓar bidiyonmu, domin tsarinsa na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Ana tsakiyar aiki kuma aka ɗauke wuta. Saba tana da batir, amma kwamfutar da muke ba da umarni daga kanta ta mutu, aikin ya tsinke. Allah ya sa da rsync ake kwafin, wata manhaja mai duba abin da ya riga ya isa ta tsallake shi, ta ɗora daga inda aka tsaya.

Da na koma gida na ba kawuna labari, shi da ya yi shekaru yana rubuta Alƙur'ani da hannu, sai ya ce, "Kai ɗana, shin kun yi muƙabala?" Na ce, "Wace muƙabala, Kawu?" Ya ce a wurinsu ba a cewa an gama kwafi sai mutum biyu sun zauna, ɗaya riƙe da uwar littafi yana karantawa, ɗaya riƙe da sabon yana bi, harafi da harafi. Kwafin da ba a gwama da asalinsa ba, in ji shi, ba a karantar da yaro da shi.

Na ji daɗin ba shi amsa, don kuwa an yi. Na'ura tana da tata muƙabalar. Akwai wani lissafi da ake kira SHA-256, wanda ke niƙa fayil duka ya fitar da lamba mai haruffa 64. In ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil ɗin, lambar sai ta sauya gaba ɗaya. Muka fitar da lambobin na faifai, muka fitar da na rumbu, muka gwama. Fayil biyu suka saɓa, muka sake kwafe su. A ganina wannan mataki shi ne aikin, shi ne kuma wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, da zarar sun ga na'ura ta ce an kammala sai su goge na asali don su sami wurin zuba finafinai.

Mu dai ba mu goge ba. Saba ɗaya ce a ɗaki ɗaya, abin da ya sami ɗakin ya same ta. Faifan yana Kwargaba a akwatin Kawu tare da littattafan, kuma muna tara kuɗin sayen na biyu da za mu ajiye wurin wata 'yar'uwarmu a Zariya.