Daren Da Auta Ya Kwana Da Yunwa

 Na san labarin soyayya kuka saba ji daga alƙalamina, to yau dai sai ku yi haƙuri, labarin tukunya na zo muku da shi, kuma a kaina ya faru. Wadda ba ta shiri da kicin ma ta daure ta karanta, wata rana zai yi mata rana.

Mu biyar ne a gidanmu: ni da maigida da 'yarmu mai shekara biyu, sai ƙannensa biyu da Hajiya ta kawo mana su yi karatu a nan Kano, wato ƙanwarsa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare da kuma autansu ɗan shekara bakwai. Ƙarfe bakwai na safe nake fita zuwa wata 'yar makarantar firamare da nake koyarwa, ba na dawowa sai biyu ta gota. Ana yin La'asar kuma na ɗauki jaka sai Islamiyyar matan aure, sai dab da Magariba mu taso. Rubutuna kuwa sai dare, in kowa ya kwanta. Tun kafin a ɗaura mana aure maigida ya amince mini da duka ukun nan, amma da sharaɗi guda, ya ce in dai gida ba zai tagayyara ba.

Ni kuma na tashi a gidan da in ba tuwo aka ci da dare ba, to ba a ci abinci ba. Da wannan na shigo gidan miji. Kullum sai na dawo daga Islamiyya sannan zan aiki yarinya ta sayo kayan miya, ta tsaya layin markaɗe, ni kuma in ɗora ruwa, in yi talge, in jira ya nuna, in tuƙa, in bar shi ya sulala, in kwashe, sannan in koma kan miya. Duk saurina sai bayan Isha'i ake cin abinci, ina yi ina haki kamar wadda aka koro.

Ranar da ba zan manta ba wata Talata ce cikin damina. An ɗauke wuta, mai markaɗen unguwarmu ya rufe, sai da yarinyar nan ta je har bakin titi. Ina cikin talge gas ya ƙare. Na koma kan gawayi, ashe ruwan sama ya taɓa shi, na yi ta fifita har idanuna suka yi jajur. Wallahi ban sauke tuwon nan ba sai goma ta wuce. Na zuba na fito da shi, sai na tarar da Auta a kan tabarma ya yi barci, ga kwanonsa a gefensa, ya wanke shi tun ɗazu yana jira. Na tashe shi da ƙyar, ya gutsuri loma ɗaya, barci ya sake kwashe shi da lomar a hannu. Maigida yana zaune yana kallonmu, bai ce uffan ba. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a Hajiya ta zo duba mu. Ta jawo Auta jikinta tana cewa me ya sa ya rame haka, shi kuwa yaro ba ruwansa, sai ya ce, "Ai Anti ba ta gama tuwo sai mun yi barci." Hajiya ta dubi littattafan da na tara a kan tebur, ta dube ni, ta ce, "To 'yar nan, ai takarda ba ta ƙosar da yaro." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da dare maigida ya kira ni, cikin sanyin murya ya ce daga nan zuwa ƙarshen wata in zaɓi ɗaya cikin ukun nan in ajiye. Aiki dai da albashinsa muke cike giɓin cefane, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kayan masarufi suka yi tsada. Islamiyya kuwa ba abin bari ba ce. Ashe ke nan biro zan ajiye, ga shi littafina yana babi na tara. Na kwana ina kuka.

Washegari na nemi izini na tafi wurin Gwaggona, yayar mahaifinmu, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da abinci, kuma da shi ta raini 'ya'yanta bakwai. Na zayyana mata komai ina sharar hawaye. Maimakon ta lallashe ni sai ta sa dariya har da tafa hannu.

Ta ce, "Ke 'yar boko, wa ya gaya miki tuwo farilla ne?"

Na ce, "Gwaggo, to me za a ci da dare?"

Ta ce, "Abin da ya samu mana. Kuma bari ki ji, abincin dare da safe ake dafa shi, ai da sanyin safiya ake kama fara. Kina tsammanin da sai masu saye sun tsaya a kaina nake zuwa markaɗe, da na yi ciniki?"

Nan ta zaunar da ni ta yi mini karatun da ban samu a sakandare ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga shi zan ba ku kamar yadda ta ba ni, tare da abin da na ƙara da kaina bayan na gwada.

Na farko, ta ce in roƙi maigida ya daina ba ni kuɗin cefane kullum, ya riƙa haɗa mini na mako. Sayen tsinta-tsinta a bakin layi shi ke cinye kuɗi da lokaci. Wake da masara in da hali a auno su da ɗan yawa, masu zuwa Dawanau sun san bambancin farashi. Kayan miya kuma a sayo na mako a 'Yankaba ko Kasuwar Rimi ko wadda ta fi kusa da ku. Lokacin sanyi, sa'ad da tumatirin noman rani na su Kura da Kadawa ya cika kasuwa yana araha, a saya a yanka a shanya, a adana kauɗar don damina, lokacin da yake tsada.

Na biyu, ranar Asabar da safe ita ce ranar wahala, sauran kwanaki a ci riba. A ranar nake markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, in dafa har ruwan ya tsotse ƙaf, in soya da mai har man ya taso ya rufe shi. In akwai firji da wuta, sai a raba shi kashi-kashi a sa. In babu, a yi na kwana biyu ko uku kawai, a riƙa ɗumama shi safe da yamma har ya tafasa, kuma kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali. A ranar kuma nake daka yajina na barkono da citta da masoro da ƙuli, in gyara busasshen kifi in cire ƙaya, in daka gyaɗa da daddawa, in tsince wake. Garin ɗanwake da tsakin masara kuwa sau ɗaya ake kai su inji, su yi wata suna aiki.

Na uku, kafin ki fita da safe ki san abin da za ki dafa da dare. Wannan shi ne babba. Rabin lokacinmu a tsaye yake ƙarewa, muna riƙe da ƙugu muna tunanin yau me za a ɗora.

To ga yadda darena huɗu suke yanzu.

Litinin garau-garau. Kafin in fita da safe na jiƙa wake gwangwani biyu. Waken da ya wuni a ruwa ba ya ba da wahala, in kin zubar da ruwan kin ɗora shi a sabo, cikin kamar rabin awa ya yi laushi, ba sai kin ɗura masa kanwa ba. Yana fara laushi in wanke shinkafa in zuba. Kafin ta tsotse na yanka albasa da tumatir da latas, na soya mai. Kowa ya barbaɗa yajinsa.

Talata faten tsaki. Ki ɗora ruwa, ki zuba cokali uku na soyayyen kayan miyan nan, da manja, da daddawa, da dakakkiyar gyaɗa, da kifi, da gishiri da magi. In ya tafasa ki wanke tsaki ki zuba kina juyawa don kada ya yi gudaji ko ya kama. In ya nuna ki watsa alayyafo da 'yar yakuwa, ki ba shi minti biyar ki sauke. Ba tuƙi ba kwasa, ga tukunya ɗaya ce za ki wanke.

Laraba ɗanwake. Garina haɗe yake tun daga inji, wake da alabo, sai dai in ƙara kuka in kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan. Na ce kaɗan, don in ta yi yawa ɗaci za ta sa masa, kuma tana ɓata wa wasu ciki. Ruwa na tafasa in riƙa jefawa, in ya taso sama in ba shi kamar minti goma ya ƙara nuna, kuma ba na rufe tukunyar ruf don kumfarsa zuba take yi. In tsame a ruwan sanyi, in tsane, sai mai da yaji da albasa da kabeji. Ranar da aljihu ya yi nauyi a dafa ƙwai a raba.

Alhamis babu Islamiyya, amma ita ce ranar da na keɓe wa littafina tun daga La'asar, don haka dafa-dukan taliya nake yi. Kayan miya a shirye, kifi a gyare, minti ashirin ya ishe ni. Lokacin dankalin Hausa kuma fatensa nake yi a madadinta, don ya fi ta araha.

Akwai kuma abin ko-ta-kwana, don ranar da baƙi suka tsare ki ko gas ya ci amanarki: busasshen zogale da ƙuli ba sa yankewa a gidana. A tafasa zogalen a matse, a kwaɗa da ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai, a haɗa da garin kwaki da aka ɗan yayyafa wa ruwa. Ba wanda zai kwana da yunwa.

Na san wata za ta taɓe baki ta ce ai duk abincin talakawa ne. Ni ma da haka nake gani, ina rubuta jarumata tana jera wa mijinta farfesun kaji da soyayyiyar shinkafa kullum, alhali ni ko a wata ba na ganin kaza. Amma ku da ke makaranta ku tuna abin da ake koya mana a darasin kula da gida: wake da gyaɗa da kifi da ƙwai su ne masu gina jiki, hatsi da rogo da dankali masu ba da ƙarfi, ganye kuma mai kare lafiya. In hatsi ya haɗu da wake a kwano ɗaya, kowanne yana cike abin da ɗan uwansa ya rasa. Ɗanyen tumatirin da muke yankawa a kai kuma yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin waken. Ashe garau-garau da muke rainawa cikakken abinci ne.

Wani abu kuma da Gwaggo ta ja mini kunne a kai shi ne in daina ɗaukar komai ni kaɗai kamar jakar gida. Yanzu ƙanwar maigida ke ɗora ruwa tana dawowa daga tata makarantar, kafin in iso ya tafasa, kuma ta iya jefa ɗanwake har ta fi ni. Auta shi ne mai tsince wake da shimfiɗa tabarma. Maigida kansa shi ke duba gas duk ƙarshen mako. Ƙannena 'yan makaranta, don Allah ku dubi iyayenku mata da ke dawowa a gajiye. Jiƙa wake ko gyara ganye ba zai hana ku bitar karatu ba, kuma kanku kuke yi wa.

Ƙarshen watan ya zo ya wuce, maigida bai tayar da maganar ba, ni ma na yi shiru. Sai wata Laraba muna cin ɗanwake ana kiran Isha'i, ya dube ni ya ce, "Wai ina aka kwana a babi na tara?" Na sunkuyar da kai ina murmushi, na ce na kai na sha biyu.

Tuwo bai bar gidanmu ba, ranar Juma'a da Asabar da Lahadi nake yin sa a natse, da miyar kuka ko ta kuɓewa, kuma ya fi daɗi da ba a yi shi da gudu ba. Hajiya ta sake zuwa wata Talata ta tarar da fate. Gabana ya faɗi, na ce yau zan sha magana. Ta sha kwano guda, ta kalli Auta yana suɗe nasa, sai ta miƙo mini nata ta ce, "Ƙaro mini, amma gaba ki riƙa sa gauta." Ba ta ƙara ambaton takarda ba.

Har yanzu in na tuna lomar nan a hannun yaron nan yana barci, sai in ji zuciyata ta sosu. Allah Ya saka wa Gwaggo da alheri, Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke ɗorawa. Wadda ke da wata dabarar da ta fi tawa ta rubuto mana mu ƙaru, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Bari in je in jiƙa wake.

Taku har kullum.