Minti 15 da fuskar mutane a hannunki

 Yau mun ajiye maganar albasa da farashin hatsi gefe guda, za mu taɓa zancen kwalliya. Maza kada ku wuce, don ɗiyanku da ƙannenku na cikin wagga magana.

Neman aiki yana canzawa a gabanmu. Da can abin da munka sani shi ne dosiye: takardar haihuwa, diplom, hoto, sai wani babba da zai sa maka baki. Yanzu akwai ayyukan da ba a tsayawa dogon duban takarda. A wasu kantunan kayan kwalliya na Maraɗi, Tawa da Yamai, mai kanti za ta nuna miki kujera, ta zaunar da mace guda, ta ce: “Ga fuska, gwada mu gani.” Ga yarinyar da karatunta ya tsaya a kwaleji, ko ta samu BEPC ko ba ta samu ba, wannan ƙofa ce babba. Amma ƙofar tana da tsani, kuma da yawa suna faɗuwa tun matakin farko don ba wanda ya gaya musu abin da ake dubawa.

Na ga abin kusa-kusa a kan ƙanwata, ɗiyar ƙanwar innarmu da ke Buza. Shekara uku tana yi wa amaren unguwa kwalliya da abin da ta koya a bidiyon waya. Wani kanti a Maraɗi ya kira ta gwaji, anka ba ta kwana 10, anka ce ta zo da kayanta, za a ba ta minti 15 da fuskar da ba ta taɓa gani ba. Ta sauko Madawa wurina, jaka a hannu, ta ce: “Yaya, ni hwa tsoro nike ji. Amarya ta san ni, ko na ɓata ba ta faɗi. Waɗanga ba su san ni ba.” Sai munka raba aiki. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana yi wa amare dilka da lalle, ta ɗauki gyaran hannu. Ni kuma na ɗauki agogo da baki, tunda su ne abincina a gidan rediyo.

Dattijuwar ba ta bari ta taɓa hoda ba ranar farko. Cewa ta yi ta juye jakar bisa tabarma. Buroshi ya yi tauri da tsohon fenti, soso guda ya bi fuskar amare ba adadi, tsinken kwalli ɗaya tak. Mu duka mun san yadda ake yi a gidan biki, tsinke guda ya zaga idon mata goma, bayan kwana biyu a ce apolo ya shigo gari. Sunan ma yana da tarihi: ciwon ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da Amurka ta aika kumbon Apollo 11 zuwa wata, shi ya sa anka laƙaba masa sunan. Ta hannu da kayan da ake rabawa yake yaɗuwa. Don haka darasin farko shi ne: wanke hannu da sabulu a gaban mai gwada ki, ta gani da idonta. Buroshi a wanke shi tun daren jiya ya bushe. Jan baki a ɗebo kaɗan bisa wani abu mai tsabta a shafa da buroshi, kada sandar ta taɓa leɓen kowa. Ku duba jikin kwalba, akwai ɗan zanen gwangwani buɗe da 6M ko 12M a kai, wato watannin da kayan ke da su bayan an buɗe. Maskara kuwa wata 3 ake ba ta. Kayan da sunka kwana cikin ɗakin kwano a zafin Afrilu da Mayu, in wari ya canza ko mai ya rabu da ruwa, sai bola.

Abu na biyu shi ne launi, kuma nan ne munka fi daɗewa. Ku buɗe hotunan bikin da kunka je bana. Sau nawa kunka ga amarya fuska toka-toka, wuya baƙi, kamar an ɗora mata kan wata? Laifin bai tsaya ga masu kwalliya kaɗai ba. Man rufe fata, wanda muke kira fon-da-tan, launi ƴan kaɗan ne ke iso kasuwanninmu, yawancinsu masu haske. Matsalar ta duniya ce. Ko a Amurka, da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayanta na Fenty Beauty a 2017 da launi 40, abin ya zama labari, don baƙaƙen mata sun daɗe suna shiga kanti su fito ba su samu nasu ba. Mu nan Adar da Gobir Allah ya tara mu kala-kala. Ka tsaya kasuwar Tamaske ko ta Sabon Gida, za ka ga baƙa wuluk, wankan tarwaɗa, da fara sol, duk layi guda wurin mai gishiri.

Dabarar ba ta da wuya. Kada a gwada a bayan hannu, hannu da fuska ba launinsu ɗaya ba. A ja layi uku a gefen muƙamuƙi, daga kumatu zuwa wuya, a fito bakin ƙofa inda hasken rana yake, a duba. Wanda ya ɓace cikin fata, ba ka ganin inda ya fara da inda ya ƙare, shi ne nata. In babu, a haɗa biyu. Wata fatar tana ja wajen ja-ja, wata wajen ɗorawa, ko da duhunsu ɗaya ne. Fuska biyar munka samo mata cikin kwanakin: tsohuwa mai tamoji, ɗalibar lise mai ƙuraje, wata matar aure baƙa ƙirin, wata baƙuwa fara daga wajen Keita, sai ni. Kowace ta tashi da launin da ta zauna da shi. Dattijuwar tana da magana guda da take maimaitawa: in mijinta ya shigo ya yi sallama kamar ya ga baƙuwa, kin ɓata aiki.

Sai agogo. Gwajin farko minti 40 ta ci, tana ɗora wannan bisa wancan kamar yadda ta gani a bidiyo. Na ce mata masu bidiyon nan cikin sanyin na'ura suke, da fitila a gabansu, kuma suna yanke hoto. Ke kina ƙasar da iskar hunturu ke tsaga leɓe, bazara kuma ta narkar da duk abin da kinka lafta kafin a kai ga ɗaurin aure. Lokacin sanyi a fara da ɗan man da zai tausasa fata, a bari ya shiga. Lokacin zafi a shafa siriri, hoda a goshi da hanci da haɓa inda maiƙo ke taruwa. Na tsara mata lokacin kamar yadda nake tsara shiri: minti 2 gaisuwa, tambaya da goge fuska, 5 na fata, 4 na ido da gira, 2 na leɓe, 2 na ƙarshe a miƙa madubi a yi bayani. Na riƙe waya ina ƙirgawa, in lokaci ya cika in ce “an yanke ki”, ko ido guda ne ya rage. Ta yi fushi da ni sau biyu. Kwana na shida ta gama da saura.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne magana. Hannunta na aiki, bakinta a rufe gum. A sana'armu shiru na daƙiƙa biyar a iska kamar shekara yake, kuma haka yake ga matar da ke zaune ido rufe, baƙon hannu na yawo a fuskarta. Mai kanti mai sayarwa take nema, wadda za ta sa mace ta saki jiki, ta saya, ta dawo da ƙawarta. Munka yi ta maimaita tambayoyi huɗu: Hajiya, ina za a je da kwalliyar, biki ko wurin aiki? Akwai abin da fatarki ba ta so? Mi kike shafawa kullum? In ɗan ja kallabin baya? Wannan ta ƙarshe kada a raina ta, ba a taɓa lulluɓin mace sai da izininta. Kowane abu ta ɗauka ta faɗi sunansa da amfaninsa a taƙaice. Farashi kuma ta iya shi ta kowane baki: wata za ta ji 2.500 da Faransanci, wata sai kin ce jika biyu da rabi, tsohuwa kuma dala ɗari biyar ta sani.

Daren kwana na takwas na zauna a kujerar, na yi kamar mai saye. Na ce: “Ƴan mata, bikina saura wata guda, ba ni man da zai sa in yi haske.” Ta tsaya da buroshi a hannu, ta rasa ta cewa. Ta san matan da man bilicin ya ƙona, mu duka mun san su: gaɓoɓin yatsu baƙi, fuska ja, fata ta yi laushin da ko ƙaramin rauni ba ya warkewa da wuri, kumatu da tabon ƙuna inda rana ke bugu. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi hidrokinon, ko kortizon mai ƙarfi, ko sinadarin merkur da ke lalata ƙoda. Ƴan uwanmu da ke Abijan sun san cewa tun 2015 gwamnatin Kodebuwa ta hana su. Amma ga inda gizo ke saƙa: mai yiwuwa kantin da take neman aikin yana da irinsu a kan kanta. In ta ce guba ne, ta zagi hajar mai gida. In ta ce ga shi, ta sayar wa mace ciwo da hannunta.

Ban zaɓar mata amsa ba, don ita za ta tsaya a wurin, kuma ita ta san halin gidansu, mahaifinta shekara biyu damina ba ta yi masa kyau ba. Da safe ta zo da tata. Ta ce za ta ce: “Hajiya, fatarki lafiya lau take. In sheƙi kike so ranar biki, ga sabulu mai laushi, ga man da ke riƙe ruwa, ga na kare rana, a haɗa da dilka. Wanda ke canza launi ba ni ba ki shawara, don na ga abin da yake yi.” Ba zagi, ba wa'azi, kuma ga haja uku ta tallata a maimakon ɗaya.

Ranar gwajin, matar da anka zaunar mata tana da irin wancan tabon a kumatu biyu. Ƙanwata ba ta ce uffan a kansa ba. Ta ɗauki launi daga wuya, ta rufe tabon da ɗan abu kaɗan, ta gama cikin lokaci. Mai kantin ta yi mata tambayoyi kan kaya da farashi, ta duba buroshinta ɗaya bayan ɗaya, har da shinshinawa. Anka ɗauke ta gwajin wata guda. Kafin ta amsa ta tambayi albashi, abin da ƴan matanmu ke jin kunyarsa. Ku sani, mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato SMIG, ya koma jika 42 tun Janairun 2024. Tayin da anka yi mata bai kai haka ba sai an haɗa da kamisho, sai ta roƙi a rubuta mata a takarda: nawa a wata, nawa a kan kowace kwalliya, ƙarfe nawa ake tashi, wace rana ce hutu. Duk mai zuwa irin wannan gwaji ta yi haka, cikin ladabi. Magana ta baki iska ce.

Saura iyaye. Na san gidajen da ake cewa wannan ba sana'ar ɗiyar mutunci ba ce. Ina girmama tsoronku, birni ba wasa ba ne, kuma haƙƙinku ne ku san kantin, ku san mai shi, ku san inda ɗiyarku za ta kwana. Amma mu tuna ko mu su wane ne. Da anka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya, maza da yawa suna wurin nema, mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka sunka tare ruwa a kan tuddai. Tabarmar Madawa da ake yabo har wajen ƙasa, yatsun mata ne ke saƙa ta. Aikin hannu bai taɓa zubar da mutuncin macen ƙasar nan ba. Abin da za mu sa ido a kai shi ne amana: hannu mai tsabta, launi na gaskiya, da bakin da ba ya yi wa mai saye ƙarya don jika guda.

Ku kuma gwanayen lalle, kitso da dilka na Bangi, Karofane, Ibohamane da Garhanga, kowace ta jawo yarinya guda kusa da ita, ta koya mata abin da waya ba ta koyarwa. Wadda ta taɓa shiga irin wannan gwaji, ta ci ko ta faɗi, ta ba mu labarin abin da anka tambaye ta, ƙannenmu su ƙaru. Allah ya ba kowa sana'a mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.