FILIN MATA: Gwaggona da Jirgin Makka

Yau ina so in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi zuwa ƙasar Kura, da abin da ya kai ni, don na tabbata a cikinku akwai masu irin damuwar da na tarar a can.

Ina da gwaggo a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Sana'arta turara shinkafa. Shekara tara ta yi tana tara kuɗin Makka, ga adashi ga kiwon tumaki, har Allah Ya cika mata, aka kai kuɗin. Kwatsam sai ga saƙo, wai ta fasa, a je a karɓo mata abinta. Babanmu ya kira ni ya ce, "Ke da kika yi karatu, je ki jiyo mana abin da ke ciki."

Na shiga mota a Kano da hantsi, muka kama hanyar Zariya. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari, ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari. Amma da muka yi kamar mil ashirin sai duniya ta sake. Dama da hagu kore shar, alkama na kaɗawa, tumatir ya yi ja, kwanduna jibge a bakin titi. Wanda bai sani ba sai ya ce damina ce ta ɓoye a nan. Asirin abin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan yana gangarowa da kansa ta manyan magudanai, ba inji, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonar kowa. A Kura na sauka, garin da ya yi suna tun da can wajen rini, yanzu kuma ya ƙara da shinkafa. Daga nan na hau babur, muka bi gefen magudana har ƙofar gida.

Na iske Gwaggo tsakar gida tana juya shanshera a kan tabarma, tukwane uku na tururi. Bayan mun gaisa na sha fura, sai ta ce, "Malama, na san abin da ya kawo ki. Kada ki wahalad da bakinki. Da idona na gani."

Abin da ta gani wani hoto ne mai motsi a wayar maƙwabciyarta. Jirgi na ci da wuta a fili cikin dare, wata murya tana salati, tana cewa jirgin masu Umara ne, makon jiya, babu wanda ya fita. Wannan ya tayar mata da tsohon miki. Tana 'yar shekara goma aka yi babban hatsarin alhazai a Kano, kuma har yau ba ta manta kukan da aka kwana ana yi a ƙauyuka ba.

To, 'yan'uwa, ba a gaya wa irin wannan baiwar Allah cewa jirgi ba ya faɗuwa, don ƙarya ne, ita ma ta san ƙarya ne. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin ya taso daga Jidda zai tafi Ikko, yanayi ya ɓaci a can, aka juyo da shi Kano. Ya sauka cikin iska mai ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, wuta ta kama. Cikin mutum 202, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli 1991 kuma wani jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, ya kama wuta, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Ran 4 ga Mayu 2002 wani ya faɗa kan gidaje a Gwammaja cikin birnin Kano, sama da mutum 100 suka mutu. Allah Ya ji ƙansu. Duk na yarda da ita a kan waɗannan. Sa'an nan na ce, "Gwaggo, bari mu binciki na wayar nan tukuna."

Akwai wata taska a intanet mai suna Aviation Safety Network, inda ake rubuta hatsarin jiragen duniya bi da bi, da ranarsa da wurinsa da yawan waɗanda abin ya shafa. Na duba makon da aka ce, babu ko alamar jirgin masu Umara. Na sake kallon hoton da kyau, sai na ga tambari a wutsiyar jirgin, na gane shi. Ashe na ƙasar Japan ne, wanda ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na birnin Tokyo ran 2 ga Janairu 2024. Mutum biyar na ƙaramin jirgin sun mutu. Amma babban nan da ake nunawa yana ci da wuta, mutum 379 ne a ciki, kuma duka sun fita da ransu. Dalili kuwa, sun saurari ma'aikata, sun bar kayansu, sun bi layi. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Duka?" Na ce, "Duka." Ta ce, "To, shi mai salatin nan, me ya ci riba?" Wannan tambaya ban iya amsa ta ba.

Da la'asar muka raka ɗanta gona, don ranar ce layinsu na ban ruwa. Na tsaya ina kallon yadda abin ke tafiya. Akwai ƙofar ƙarfe a bakin kowace magudana, akwai mai buɗe ta, akwai ranar kowane yanki. In ciyawa ta toshe hanya a taru a yashe. In gefe ya tsage a liƙe tun bai zama rami ba. Na tambayi Gwaggo, "Shekarar da ruwa ya ɓalle ya cinye muku tumatir, kun bar noman rani?" Ta ce, "Haba! Mun nemi inda ya ɓalle muka toshe."

Na ce mata haka masu jirgi suke yi. Duk hatsarin da ya auku sai an tono sababinsa, an rubuta, an aika wa duniya. Na Jidda na 1991, bincike ya nuna tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska. Suka fashe wajen tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Kun ji, abu ƙanƙane da aka raina. A ƙasarmu hukumar da ke wannan bincike ita ce NSIB, kuma tana sa rahotanninta a intanet kowa ya karanta. Saboda irin wannan toshe ɓaraka ne abin ya yi sauƙi ƙwarai. Wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Arnold Barnett, ya yi lissafi. Tsakanin 1968 da 1977, cikin duk hawa jirgi 350,000 a duniya akan rasa mutum ɗaya. Tsakanin 2018 da 2022 kuwa, sai an yi hawa miliyan 13.7. Gaskiya ya nuna ƙasashe ba su zama ɗaya ba, irin namu suna baya, don haka bai kamata mu daina sa ido ba. Amma jirgin yau ba na ƙuruciyar Gwaggo ba ne.

Bayan sallar isha muna zaune a waje, sai ga wata 'yar wuta tana ƙyaftawa can sama, tana tafiya kudu. Na buɗe Flightradar24 a wayata, watau wata taswira da ke nuna jiragen da ke sama a wannan sa'a. Na taɓa ɗan hoton da ke bisa kanmu, sai ga sunan kamfaninsa, da inda ya fito a Turai, da inda za shi, da nisansa daga ƙasa. Na janye taswirar baya, duniya ta bayyana, jirage dubbai kamar tururuwa a kan tsaba. Yaran gida suka yanyame ni. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Duk waɗannan suna sama yanzu? Kuma gobe ba za mu ji labarinsu ba?" Na ce, "Jirgin da ya sauka lafiya ba ya shiga labarai."

Na tuna mata kuma cewa Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a nan daga Masar. Kafin jirgi kuwa, kakanninmu da ƙafa suke tafiya, su ratsa Barno da Cadi da Sudan, suna tsayawa suna ƙodago. Waɗansu su yi shekaru, waɗansu ba su komo ba har abada. Yau tsakanin Kano da Jidda awa huɗu zuwa biyar ne, bai kai lokacin da tukunyar shanshera ke ɗauka daga jiƙo zuwa shanya ba.

To, ga abin da nake so kowace maniyyaciya ta riƙe, ko ta sa 'yarta ta duba mata.

Na farko, kada ki ba kowa kuɗin kujera sai ta hukumar alhazai ta jiharki, ko kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi. Tana fitar da sunayensu. In sunan mutum ba ya ciki, ko ɗan ɗakinku ne, riƙe kuɗinki.

Na biyu, babu kamfanin jirgin da ke da ikon ɗaukar fasinja a Nijeriya sai da iznin hukumar NCAA. Wurinta kuma ake kai ƙara in an cuce ki.

Na uku, in an ce an ɗaga tashi saboda hazo ko hadari, kada ki shiga sahun masu zagi. Matuƙin da ya ƙi tashi ranki yake tsarewa. Hukumar NiMet, wadda manoma ke sauraro don labarin damina, ita ce ke ba matuƙa labarin sama.

Na huɗu, kaya. Kada ki ɓoye risho, ko kananzir, ko tukunyar gas, ko gawayin turare mai kamawa da kansa. Batirin nan da ake cajin waya da shi, a jakar hannu ake sa shi, ba cikin babban akwati ba, don in ya yi zafi a gani da wuri. Kada kuma ki karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko da ya haɗa ki da Allah.

Na biyar, in kin zauna ki ɗaura ɗamarar kujera, ki bar ta ɗaure ko an ce a kwance, don wani lokaci iska kan girgiza jirgi ba sallama. Ki duba ƙofar da ta fi kusa da ke, ki ƙirga kujerun da ke tsakaninku. In an ce a fita, tashi ki bar jaka. An ƙera jirgi yadda kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90, amma mace ɗaya mai jan jaka ta isa ta tsare mutum hamsin.

Na shida, duk hoton tsoro da aka turo miki, tambayi rana da wuri kafin ki tura wa wata. In babu su, bar shi ya mutu a wayarki.

Da safe ina shirin komowa, Gwaggo ba ta ce mini ta daina jin tsoro ba, ni ma ban tambaye ta ba. Sai dai ta ɗauko ɗankwali ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne ta ce, "Zo ki nuna mini yadda ake ɗaura abin nan, kada in je in ba ku kunya." Muka yi sau uku, jikoki na dariya. Ta auna mini shinkafa kwano biyu, ta rako ni bakin magudana. Da zan hau babur ta ce, "Gaya wa babanku a bar kuɗin inda suke. Ajali ko a kan tabarmar nan yana iske mutum. Amma dai kujerar kusa da ƙofa nake so."

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya komo mana da su lafiya, mu da ba mu je ba Ya kira mu. Amin. Sai mako mai zuwa.