Kano Zuwa Jidda: Nesa Ta Zo Kusa?

A gidajen biki na Rano da Kibiya akwai maganar da ta zama ruwan dare, wai Jidda ai bayan ɗaki ce, ki yi kalaci a Kano ki ci tuwon dare a can. To bari mu auna ta.

Tsakanin Kano da Jidda a sama kimanin kilomita 3,400 ne. Jirgi yana cin wajen kilomita 800 a awa guda, shi ya sa in ya tashi daga filin Malam Aminu Kano yakan sauka cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogonsu kuma yana gaba da namu da awa 2. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Kakanninmu fa? A ƙasa suke bi, ta Barno da Cadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Ana yada zango a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, tafiya ta ci shekaru. Wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Su sun san nisa, don haka sai sun raba wasiyya, sun nemi gafara, sannan su ɗaura kaya.

Mu kuwa saurin jirgi ya ruɗe mu. Ba da mai zuwa sauke farali nake ba, wadda ta yi adashi ta sayar da awakinta ta biya kujera, Allah ya karɓa. Da wadda dillali ya yi wa romon baka nake, wai ta je aikatau ta tara riyal. Na san wata baiwar Allah da ta bar goyo wurin uwarta da cewa wata shida za ta yi. Uwar gidan da take wa aiki ta riƙe fasfo, biza ta ƙare, fita titi ma ta gagara don tsoron kamu. Ranar da ta dawo, yaron har ya shiga firamare, yana ɓuya a bayan kakarsa yana tambaya wace ce wannan baƙuwar. Wallahi duk wanda ke tsakar gidan sai da ya yi hawaye.

Yake 'yar'uwa, kafin ki miƙa wa kowa fasfonki, ki tambaya: wace irin biza ce, ta wata nawa? Wa zai riƙe takarduna? Ina tikitin dawowa? Wa zai kula da 'ya'yana? In amsa ta zo da kwana-kwana, ki ja zanenki ki zauna. Awa biyar ɗin ta mai cikakkun takardu ce, wadda ba ta da su kuwa tana iya yin shekarun da kakanninmu suka yi a ƙasa, ko ma fiye.

Allah ya kai mu ta halastacciyar hanya, ya dawo da mu cikin iyalanmu lafiya, amin.